Mangwaron Yayana a Kan Dandamali

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yammacin wata Asabar muka zauna a ajin wata firamare da ke Jigwada a Keffi. Mu shida ne: shugaban ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo, mai barkwancinmu, mata biyu 'yan jami'a, mai kula da lasifika, sai ni, kafinta, mai haɗa dandamali. An tsara wasanni huɗu a hutun damina, ɗaya kowace Asabar: biyu na dariya, biyu na darasi. Na ukun ne ba shi da labari.

Ni na ba su labarin, kuma har yau ina cizon yatsa.

Yayana marigayi yana da gona a bakin hanyar Abuja. Ya sayar da ita tun kafin ƙasa ta yi daraja, ya sayi bas. Bas ɗin ta yi hatsari, ta bar shi da ɗingishi. Daga baya aka zagaye gonar da katanga, aka cika ta da gidajen ma'aikatan Abuja, amma ba a sare mangwaron da ya shuka da hannunsa ba. Duk lokacin da ya yi 'ya'ya sai Yaya ya je bakin get ya tsaya yana kallo, mai gadi ya kore shi. Haka ya yi har ya rasu.

Na kafa sharuɗɗa uku. Na farko, a rubuta wasan a takarda. Na biyu, kada a yi ɗingishin. Na uku, kada a ɗauki bidiyo.

Shugaban ya yi dariya. "Haba Baba Kafinta! Mu da muke wasa da ka? Kowa ya san inda zai shiga da inda zai fita. Takarda tana kashe wasa."

Na haƙura da na farkon, suka yi alkawarin sauran biyun. Da yake al'adarmu ce kowa ya kawo kayan wasa daga gida, na karɓo hular Yaya da sandarsa daga hannun matarsa. Na ce mata za a girmama shi. Na kwana biyu ina haɗa get na katako, na yi bishiyar da kwali da ganye na gaske.

A gwaji komai ya tafi daidai. Mai barkwancin ne ya fito a matsayin Yaya, don ba mu da wani namiji mai jikinsa, kuma ya yi shi a natse har ɗaya daga cikin 'yan matan ta share hawaye.

Ranar wasa zauren ya cika. Matar Yaya ta taso daga Angwan Iya da 'yarta, na zaunar da su a layi na biyu. Mai barkwancin ya fito da hula da sanda. Bai ce komai ba tukuna aka fashe da dariya, saboda makonni biyu a jere shi yake ba su dariya, fuskarsa kaɗai ta ishe su. Na ga ya dakata. Ya dubi jama'a. Sannan ya ja ƙafa.

Zauren ya ɗauka. Ya ƙara ja. Ya rungume get ɗin da na haɗa yana ihu, "Oga, mangwarona fa? Ƙasa na sayar, ban sayar da mangwaro ba!" Mai lasifika, wanda ya fito a mai gadi, ya biye masa, ya bi shi da tsintsiya. Babu takardar da za a ce sun kauce mata. Wayoyi kuwa sun fi ashirin a sama.

Matar Yaya ba ta tashi ba sai da aka gama. A bakin ƙofa ta ce da ni, "Baffan yara, karɓo mini hular." Iyakar abin da ta faɗa ke nan.

Na shiga bayan labule. Suna ta tafawa da juna.

"Na ce kada a yi ɗingishi."

"Baba, ka ji zauren kuwa?" in ji mai barkwancin. "Ni fa inda jama'a suka ja ni nake bi."

"Matarsa tana layi na biyu."

Shugaban ya dafa ni. "Ai ba mu faɗi suna ba. Wa zai gane?"

Keffi ce fa. Mutum ɗaya ne ya taɓa tsayawa a bakin wannan get da wannan hula. Na cire ta daga kan wancan marar kunya, na ɗauki sandar da gudumata. Wasa na huɗu a ƙasa suka yi shi, don na kwance katakona a ranar.

Bai ƙare a nan ba. Cikin mako guda 'yan acaɓa suka fara yi wa 'yar Yaya kirarin "mangwarona fa" a bakin jami'a. Uwarta ta daina zuwa kasuwa da kanta. Na je wurin shugaban sau uku don ya sa a janye bidiyon da aka ɗauka, ya ce ya fi ƙarfinsa, ga shi ma an gayyace su Abuja saboda shi.

Bidiyon yana yawo har yanzu. Idan ya iso wayarka, mutum mai hula da sanda rungume da get na katako, ina roƙonka ka goge shi, kada ka tura wa kowa. Hular tana da mai ita, kuma iyalinsa suna nan Angwan Iya.