Muryar da Na Bari a Hanyar Ɗanzomo

Jama'a, ni ba mai son ba da irin wannan labari ba ne, don na san akwai masu cewa zafin rana ne ya taɓa ni. To, su faɗa. Amma na rantse da Wanda raina ke hannunSa, a kaina abin nan ya faru, da rana tsaka, idona biyu, shekarun baya lokacin da nake ladanci a masallacin unguwarmu a Gumel, ina kuma ɗan taɓa sayen riɗi da zoɓo a ƙauyukan Sule Tankarkar ina kaiwa kasuwar Maigatari.

Allah Ya ba ni murya, wannan kam kowa ya shaida. In na ja kiran sallah sai mata su tsaya da daka, samari su ɗauka a waya su yi ta tura wa juna, har daga Gagarawa an taɓa zuwa ɗaukata don buɗe sabon masallaci. Kafin ni akwai Baba Ladan, tsohon da yake kira a masallacin tun ba a sa lasifika ba, muryarsa ta dishe, yana tari a tsakiyar kira. Ni na zuga samari aka je wurin liman aka ce tsoho ya huta haka nan. Sai ya koma shara da cika butoci. Ni kuwa na riƙe makirfo kamar gadon ubana, in na gama kira sai na fito bakin ƙofa ina gyara hula, ina jiran mai cewa, "Malam, yau ka gama da mu." Ranar da ba a ce ba, ko abinci ba ya yi mini daɗi.

A lokacin matata Hajara na da tsohon ciki, na fari, bayan mun daɗe muna jira. Kun san al'ada, jariri in ya faɗo, kiran sallah ne abin da zai fara ji a kunnensa. To ni har na gama tsara nawa a raina, yadda 'yan barka za su jiyo shi daga tsakar gida.

Ranar da abin zai faru na je Ɗanzomo ganin riɗi, na taso da wuri don azahar ta same ni a Gumel, saboda ba na so Baba Ladan ya taɓa makirfon nan ko sau ɗaya. Sai na yanke ta wata hanyar rairayi ta cikin gonaki, wadda na sani kamar yunwar cikina. An gama girbi, gonaki fayau, ba kowa. Ina cikin tafiya babur ya mutu. Ga mai a tanki, na buga, na sake bugawa, shiru. Kuma shirun ba na babur kaɗai ba ne, ko kukan kurciya babu, iska ma ta ɗauke cak.

Can na hangi wani gawo, a gindinsa an kewaye wuri da guntayen itace an share shi tas, irin masallacin da manoma ke yi a bakin gona, ga wani tsoho zaune kan buzu da buta a gefensa. Na tura babur na isa, na yi sallama. Ya amsa bai ɗago kai ba, ya ce, "Ladan, ka iso. Lokaci ya yi, yi mana kira."

Ban taɓa ganinsa ba, amma maimakon tsoro wallahi daɗi na ji, na ce a raina ashe har dajin nan an san ni. Na ce, "Baba, mu biyu ne fa kawai, wa zai ji?"

Ya ce, "Dā can don wa kake yi?"

Maganar ta sosa ni, amma na share. Na yi alwala da butarsa, ruwan sanyi ƙalau kamar yanzu aka ɗebo daga randa, alhali a rana take. Na fuskanci alƙibla, na sa yatsu a kunne, na cika ƙirji da iska, na ce bari tsohon nan ya ji abin da bai taɓa ji ba.

Ba abin da ya fito. Na sake yunƙurawa har jijiyar wuyana ta miƙe, ko ƙis. Ina tsaye baki buɗe sai na ji kiran sallah ya tashi daga bayana, kusa da ni sosai. Jama'a, muryata ce. Ba mai kama da ita ba, ita ce, da duk inda nake ja da inda nake karyawa, har ɗan numfashin nan da nake saki kafin "Hayya alas-salah." Tana yi tana tafiya, tana ratsa gonaki tana yin nisa, ni kuwa wuyana ya ƙi juyawa, gumi na bin bayana, har ta kai ƙarshe can nesa ta ɓace.

Tsohon ya ce, "Ka ji ta ko? Tana da kyau. Ta daɗe tana kiran mutane zuwa gare ka."

Na zube a gabansa na ce, "Baba, don girman Allah ka dawo mini da ita." Maganar ta fito lafiya lau, abin da ya ƙara firgita ni ke nan.

Ya ce, "Ni ban ɗauka ba, ɗana. Ka je ka nemi wanda zai saurare ka bai san ko kai wane ne ba. Tashi mu yi sallah."

Ya ta da iƙama ƙasa-ƙasa, ya shiga gaba na tsaya a damansa. To a nan ne na kusa sakin fitsari, don duk lokacin da muka yi ruku'u sai in ji motsin riguna a bayanmu, sahu-sahu, in mun yi sujada in ji gwiwoyi na sauka a rairayi. Muna sallamewa na waiga, ba kowa sai baburina. Ban tsaya addu'a ba, na haye shi, bugu ɗaya ya tashi.

Da la'asar na shiga masallacinmu na ɗauki makirfo, ina ce wa kaina mafarki ne. Shiru. Jama'a na kallona, liman na kallona, sai Baba Ladan ya jingine tsintsiya, ya karɓa a hankali ya yi kiransa da tarinsa. Na ce mura ce. Haka aka yi ta tafiya, ina magana, ina ciniki a Maigatari har da ɗaga murya, amma da na yi niyyar kira sai maƙogwaro ya toshe. Na sha zuma da citta da kanumfari, na sha rubutu, na je asibiti likita ya leƙa ya ce lafiyata ƙalau. Na kulle kaina a ɗaki na gwada, na je bayan gari inda ba kowa na gwada, duk a banza, don ko a can kunnena a miƙe yake yana jiran ya ji ko muryar ta dawo da daɗinta. Samarin da ke ɗaukata a waya suka fara yi mini dariya a bayan ido. Wannan bai dame ni ba kamar tsoron da ke cina, cewa Allah ne Ya ƙi karɓar sunanSa daga bakina, ga kuma Hajara haihuwa yau ko gobe.

Wata rana da hantsi Hajara ta sauka, aka sami mace. Inna, mahaifiyata, ta fito da ita cikin zani ta miƙo mini a zaure ta ce, "Ungo, yi mata kira kafin a ba ta komai." Matan da ke tsakar gida duk suka yi tsit, suna jiran su ji ladan zai yi wa 'yarsa. Na kai baki kunnenta, na yunƙura. Babu.

Na mayar wa Inna da ita, na fita ko takalmi ban sa ba, sai masallaci. Na tarar da Baba Ladan yana cika butoci. Na durƙusa a gabansa cikin jiƙaƙƙiyar ƙasar wurin alwala, na kwashe komai na gaya masa, na ce, "Baba, ka yafe mini, ka zo ka yi wa 'yata kira, ni na kasa."

Ya ce, "Tun ranar farko na san ba mura ba ce. Mu je."

Da muka isa ya ce wa Inna mata su ci gaba da hidimarsu, ba wasan kallo za a yi ba. Ya karɓi jaririyar ya yi mata addu'a, sai kawai ya ɗora mini ita a hannu. Ya ce, "Ɗan nan, ita wannan ba ta san ladan ba, ba ta san murya mai daɗi ba. Sunan Ubangijinta take jira. Gaya mata za ka yi, ba rera mata ba."

Na dubi ɗan kunnen nan, bai kai ganyen zogale biyu ba, na tuna bai taɓa jin sunan Allah ba, kuma ni ake jira. Sai tausayinta ya kama ni, na manta da kaina sam. Na sunkuya na ce, "Allahu Akbar." Ya fito. A dishe, yana rawa, ƙasa-ƙasa yadda ko Baba da ke gefena bai ji ba, amma ya fito har ƙarshe. Na juya kunnen hagu na yi iƙama, hawayena na ɗiga a zaninta.

Ban koma kan makirfo ba. Na karɓi tsintsiya da butoci, Baba ya ci gaba da kiransa har Allah Ya karɓi ransa, sannan liman ya ce in ci gaba. Muryar da nake da ita yanzu ba mai tsayawa da daka dominta, ba mai ɗauka a waya, kuma wallahi ban taɓa jin natsuwa a kira kamar yanzu ba. Na koma hanyar nan na sami gawon, amma ba masallaci, mai gonar ya ce shi bai taɓa ganin wani tsoho a wurin ba.

Bara wani direba mai dakon dabbobi daga Maigatari ya tare ni bayan sallah ya ce, "Malam, ashe har yanzu kana iyawa? Shekaranjiya da azahar na ji kiranka a dajin Ɗanzomo, irin na dā ɗin nan sak. Na tsaya na duba ban ga kowa ba."

Har yau ban san mene ne ba. Ni dai shawarata gare ku, duk wata baiwa da Allah Ya ba ku, ku riƙa tambayar kanku don wa kuke yi tun ba a tambaye ku a gindin gawo ba. In kuma kun bi hanyar nan da rana tsaka kuka ji wannan kira, ku amsa shi, ku yi sallarku, amma kada ku bi shi neman mai yi. Ni ina Gumel.