Dalmar da Baba Idi Ya Ɓoye Mini a Bayan Wili

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Baba Idi mai balansi ya rasu. Da safen nan labarin ya same ni a Kano, ina sauke fasinja. Na juyo da mota wayam ba lodi, amma kafin in shigo Daura har an kai shi an dawo.

Ko sallarsa ban samu ba.

Wanda bai san shi ba, shi ne dattijon nan mai rumfar kwano a bakin hanyar Kano, wanda duk direban da sitiyarinsa ke rawa yake kai wa mota. Aikinsa ɗaya ne. Ya ɗora taya a inji, injin ya juya ta ya nuna gefen da nauyi ya gaza, shi kuma ya buga 'yar dalma a bakin wili daidai wurin.

Amma kafin ya ɗora sai ya ci ranka. Ya cire tsohuwar dalma duka, ya wanke lakar cikin wili, ya zauna yana ƙwaƙule tsakuwa ɗaya bayan ɗaya da tsinken ƙarfe. Kana tsaye layinka na wucewa a tasha, shi ko a jikinsa. In ka yi magana ya ce, "Lakar ma nauyi ce, ɗan nan. So kake in yi wa laka balansi?"

Kuma gefe biyu yake sa dalma, ciki da waje, kowanne inda ya yi alama da alli.

Ni a aji uku na bar makaranta. Ɗan Turancin da nake taƙama da shi a shafin nan, a rumfarsa na fara tsintarsa. Littafin da injin ya zo da shi yake ɗauko mini daga cikin leda, ya ce, "Farfesa, karanta mana mu ji me Bature ya ce." In karanta ina ƙage rabi, shi yana gyaɗa kai kamar bai gane ba.

Ranar da mahaifina ya rasu, rufe rumfar ya yi, ya wuni a ƙofar gidanmu.

Wannan mutumin na zaga. A shafin nan. Da yawanku kun gani.

Bayan babbar sallah na sayo wili na gayu masu sheƙi, na kai masa. Ya juya taya, ya yi alamarsa, ya ɗauko guduma zai buga dalma a leɓen waje. Na riƙe masa hannu.

"Baba, kar ka ɓata mini kwalliya. Ka zuba duka a ciki."

"Giram talatin take nema a waje, nan wurin. Ba ni na ce ba, ita ta ce."

"Na karanta a waya, ana ɓoye ta a ciki."

"To a wayar za ka tuƙa ta?"

Direbobin da ke kan benci suka kwashe da dariya, ni kuma kun san bakina. Na ce masa zamani ya wuce shi, bai san komai ba sai guduma, gara ya koma facin keke. Na kwashe tayoyina na kai wani wuri, aka jibga mini dalma a ciki wuri guda, aka ce an gama. Na dawo nan na rubuta cewa akwai wani tsoho mai lalata wa mutane wili. Ban ambaci suna ba, amma tsoho nawa ne ke balansi a hanyar Kano?

Kun yi dariya. Kun yaɗa. Akwai waɗanda suka daina zuwa wurinsa, na san su, sun san kansu. Yau kuma na ga wasunku har sun riga ni rubuta "mutumin kirki ya tafi". Ku yi mini shiru don Allah. Tare muka yi, ni dai na fi ku laifi.

Motar fa? Da na taɓa gudun ɗari sai sitiyari ya fara karkarwa a hannuna. Wata tsohuwa a gidan gaba, wajen Kazaure, ta ce, "Direba, motar taka zazzaɓi take yi?" Sati uku ina wannan wahalar don kar a ce na koma. Sai da na ga tayar gaba ta fara cinyewa tabo-tabo, na tuna rayuka nake ɗauka.

Ranar Alhamis ɗin nan na koma. Na tsaya nesa kaɗan kamar wanda mota ta mace wa. Yana zaune shi kaɗai, bencin ba kowa.

Ya ɗago ya ce, "Farfesa. Ta yi maka magana ko?"

Na ce, "Iska kawai zan duba."

"To cire su mu duba iskar a kan inji."

Ya ɓamɓare tulin dalmar da aka jibga mini. Ya wanke, ya ƙwaƙule, ya juya. Sannan ya buɗe wani gwangwanin madara ya fito da irin dalmar da ban taɓa gani a rumfarsa ba, mai gam a baya, wadda ake liƙawa ba a bugawa. Ya goge wurin tas, ya liƙa ta ciki a layinta. Ta wajen kuma ya zura hannu ya manna ta daf da fuskar wili, a bayan ƙarfen, inda ido ba ya kaiwa.

"Tunda ta matsa ciki sai an ƙara mata kaɗan," in ji shi. "Kana da gaskiya rabi. Ana ɓoyewa. Amma ba a tara ta wuri guda."

Na ce, "Yaushe ka samo wannan?"

"Kwana biyu da tafiyarka na ba da sautu Kano. Na san za ka dawo, taya ba ta jin zagi."

A nan ya kamata in durƙusa. Maganar tana bakina wallahi. Sai ga wasu direbobi biyu sun faka, na ji kunyar su gan ni. Na iya zagin sa'an ubana a gabansu, na kasa ce masa yi haƙuri a gabansu.

Da zan tayar ya dafa tagar ya ce, "Je ka gwada ta a hanya, ka dawo ka faɗa mini."

Na ce gobe. Gobe na ce jibi.

Ɗazu a wurin zaman makoki na ja babban ɗansa, Auwalu, gefe. Na tambaye shi ko Baba ya san da rubutun. Ya ce shi da kansa ya karanta masa, ya so ya rama, Baba ya hana. Na ce me ya ce? Ya ce cewa ya yi, "Ashe Farfesa ya iya rubutu haka."

Na ce ya ce ya yafe? Auwalu ya ce, "Ni dai iyakar abin da na ji ke nan. Ba zan yi maka ƙarya ba."

To a nan na yi ɓarna, a nan zan faɗa. Baba Idi bai taɓa lalata wilin kowa ba. Ƙarya na yi masa don an yi mini dariya. Na goge wancan rubutun. Duk wanda ya yaɗa shi, ya yaɗa wannan. Wanda ya ɗauke motarsa saboda ni, Auwalu ne zai ci gaba da rumfar, hannun ubansa gare shi.

Baba, ka ce in dawo in faɗa maka. Yau tun daga Kano har Daura ban ɗaga ƙafa ba, na wuce ɗari na wuce gudun da ka saba hana ni. Ko motsi sitiyarin bai yi ba.

Ya Allah, bawanka Idi ya zo gare ka. Ka yalwata masa kabarinsa, ka sa kowace mota da ta kai mutane gida lafiya ta dalilinsa ta yi masa nauyi a mizani. Ka ba Auwalu da mahaifiyarsa haƙuri. Ni kuma ka sa ya yafe mini ranar da za mu tsaya.

Wanda ya karanta har nan, kar ka ba ni haƙuri, ban cancanta ba. Ka yi masa Ƙulhuwallahu ƙafa uku kafin ka wuce.