Zanen Mai Koko Kusa da na Mai Ƙosai

Jiya da aka tsuge da ruwa a Tamale na jawo bargon da kakata ta ɗinka, sai na ji kamar ƙamshin man keken ɗinkinta yana ɗakin.

Allah ya jiƙanta, ba ta yarda a zubar da ƙyalle. Telolin unguwarmu, Moshi Zongo, ne ke tara mata guntaye. Sai ta harhaɗa su, ta shimfiɗa tsohon zane a ciki, ta bi da ɗinki daga tsakiya zuwa baki don kada ya tattare. Kowane ƙyalle ta san mai shi.

Akwai lokacin da mai koko da mai ƙosan layinmu suka daina magana da juna. Kaka ta ɗauko guntun zanen wannan, shuɗi, ta haɗa da na waccan, ruwan goro. Ina riƙe mata gefe, tana taka keke tana murmushi.

Da ta shanya bargon a tsakar gida, ta aika aka kira su.

Mai ƙosai ta ɗaure fuska. "Hajiya, me ya kai zanena kusa da nata?"

"Dacewa suka yi," in ji Kaka. "Ɗinki biyu na bi su da shi. Mai son raba su, ga reza."

Mai koko ce ta fara fashewa da dariya. Washegari tare suka aiko mana da karin kumallo.

Har yau ɗinkin nan bai warware ba. Allah ya zaunar da Kaka cikin maƙwabta nagari a Aljanna, kusa da kusa, yadda take jera ƙyallayenta.