Odar Issufu sau biyu

Shekara tara ke nan da muka binne taubashina Issufu, direban motar Ƙwanni zuwa Dogarawa. Mutane na yabonsa, ni dai gaskiya zan faɗa: tun yana raye nake jin zafinsa. Ni na fara neman Rabi, ni na yi lakwal, karatun boko, har aji huɗu, shi ko baƙi bai sani ba. Shi ta aura.

Haihuwarta ta uku ta kusa kai ta kushewa. Sai ya ɗauke ta gaban mota, da rana tsaka, ya kai ta likita neman ƙwayar hutun haihuwa, lokacin da ko sunan ƙwayar ba a faɗi a fili. Ungozoma ta auna jinin Rabi ko yana hawa, ta tambayi ciwon kai. Ta ce irin mai haɗin magani biyu tana rage nono, su jira jinjiri ya wata shida. Kuma kullum guda, lokaci guda, ba fashi.

Rabi akwai mantuwa. Shi ya sa kowace safiya in ya tada mota sai ya danna oda, wato ƙahon motar, sau biyu a ƙofar gida, ita kuma ta haɗiye. Har ranar da ba ya fita sai ya danna. Ni na bankaɗo ma'anar, ni na kai zancen tasha.

"Taubashi, yau an sha?" in ce masa gaban jama'a.

"An sha, bawana. Kai wa ke jin taka odar?"

An ce hassada ga mai rabo taki ce. To, an zuba.

Yau ga ƙwayar nan a faranti kasuwar Illela, rana na dukanta, mai talla na sayarwa kamar alewa, ba awon jini, ba tambaya. Da Issufu ya gani da ya kifar da farantin. Nan kam na bi bayansa, ko ba na so.

Mi ya bari? Motar ta ruɓe a Tsarnawa. Rabi na nan garau, ta ga jikoki. Bayan takaba na sake aika mata neman aure, ta ce a gaishe ni.

Ran kasuwar da ta wuce wata mota ta danna oda sau biyu bakin hanya. Ina tsaye gaban Rabi, muna cikin gaisuwa. Ta waiwaya.