Ranar da Kaka Ta Sa Auta Cikin Tatsuniya

A ɗakin Kaka muke taruwa bayan tuwon dare, mu jikokinta, a gidanmu na Birnin Gwari. Wuta ba ta mutuwa a ɗakin, domin tun da ɓarin jikinta ya shanye sanyi ke damunta. Ciwon har magana ya taɓa. Sunayen abubuwa suna bakinta, amma 'yan ƙananan kalmomin nan da ke nuna ko abu ya faru ko sai gaba, duk sun zube. Sai ta ce, "Hajara... ci... tuwo," in rasa ko tambayata take, ko cewa take na cinye mata nata. Amma ba ta bar tatsuniya ba. Mun haddace su tun tana da lafiya, don haka ita ke jefa kalma, mu mu cike.

Wata damina aka ɗebi Baba cikin 'yan dakon kayan wani Bature da ya fita rangadi wajen Kakangi. Shi ne ɗanta na ƙarshe, Auta take ce masa. Aka daɗe shiru. Ranar nan duk muna gona, wani Bafulatani ya kawo saƙo, ya tarar da Kaka ita kaɗai, ya faɗa mata ya wuce. Maƙwabciyarmu ce ta hango fitarsa.

Muka dawo muka sami Kaka tana ta kokawa da magana.

"Auta... rafi... faɗa," in ji ta. "Ruwa... ci."

Inna ta durƙusa gabanta. "Iya, ruwa ya ci shi ne, ko ya fita?"

"Ci... fita... mutu..." Sai ta bugi cinyarta da hannunta mai lafiya don takaici. Duk kalmar da aka tambaye ta, ita take maimaitawa. Baffa, wan Baba, ya bi sawun Bafulatanin har bakin daji, duhu ya koro shi. Mata suka fara shigowa suna zama jugum, ba wadda ta san ko ta yi ta'aziyya.

Tuwo ya huce ba wanda ya taɓa. Can sai Kaka ta ƙwanƙwasa sandarta, alamar mu zo. Na ji haushi, a raina na ce yau ma? Muka dai zauna.

"Ga ta... nan," ta ce da ƙyar.

Ta ɗauko ta yaron da ya shiga daji neman zuma. A tatsuniyar, ambaliya ta kwashe shi, ya kama wutsiyar saniya ta ja shi gaɓa, mai saniyar ya yi ta jinyarsa da nono har ya warke ya koma gida.

"Yaro... zuma."

"Ya tafi neman zuma," muka amsa.

"Rafi."

"Ya faɗa rafi."

"Auta... wutsiya... kama."

Ƙanena ya ce, "Kaka, yaro dai."

Ta girgiza kai da ƙarfi. "Auta."

Inna, da ke jingine a bakin ƙofa, ta shigo da sauri. "Iya, ƙarasa, don Allah."

"Ƙafa... ruga... nono." Ta numfasa, ta nuna ƙofa. "Gida."

"Yana raye ke nan!" in ji Inna. "Ƙafa ya ji wa ciwo, yana ruga. Zai dawo?"

Kaka ta yi dariya da rabin baki, hawaye na bin kumatunta. Inna ta fita tana hamdala, ta hura wuta ta ɗumama tuwon, har maƙwabta suka ci.

Bayan 'yan kwanaki Baba ya iso yana ɗingishi. Ya ce sanda ce wani makiyayi ya miƙa masa ya kama, babu wata saniya a wurin. Kaka ta harare shi ta ce, "Wutsiya." Ya ce, "To Iya, wutsiya ce."

Da ina yarinya, ɗauka nake hankalinta ne ya ragu tare da maganar. Sai da na girma na gane yini guda ta yi da labari mai daɗi a ƙirjinta, tana kallon muna kuka, tana laluben hanyar da za ta isar mana. Yanzu in na ga tsoho yana kokawa da magana, nakan ja tabarma in zauna in jira. Yawanci ya san abin da yake son faɗa sarai.