Rigar da Attracta Ke Ratayewa a Shinge

Ranar Talata, sha ɗaya ga Fabrairu, Allah ya yi wa Attracta Gilhooly rasuwa a ofishinta da ke garinmu, Drumkeeran, tana da shekara hamsin da takwas. Zuciyarta ce ta tsaya. Ta tafi ina riƙe da ita a kan abu guda, kuma ta san shi.

Attracta, ke ce kika fi kowa kai cikin ɗaliban da na koya wa Latin, harshen da yanzu ba mai nemansa, balle malaminsa. Na so ki je jami'a. Sai kika tafi Dublin kika sayo izinin aiki da sunan wani babban kamfanin kula da tsofaffi a gidajensu, da shuɗiyar rigarsu da dokokinsu, kika dawo kina tura mata su yi mana wanka su ba mu magani. Na ce kin mayar da abin da maƙwabta ke yi don Allah kasuwa. Kika ce, "Malam, ina maƙwabtan? Rabi suna Boston, rabi suna kwance a bayan coci. Ko Latin ɗin ne zai yanke maka farce?"

Har yau ina ganin asarar ƙwaƙwalwa aka yi.

Amma aikin kin iya shi. Ba ki taɓa tura wa tsoho baƙuwar fuska ba sai kin rako ta, kin zauna an sha shayi. Kin san gidajen da ba sa ga-maciji tun rikicin iyakar gona na kakanni, ba kya aika 'yar wannan gidan wancan. Mutanen Dublin ba su san da wannan ba, ba su kuma tambaya ba.

Nawa labarin na wuta ne. Murhun gidana bai mutu ba tun ranar da aka kawo uwata amarya. Da yamma a rufe garwashin da toka, da safe a tone, a ɗora busasshiyar ƙasar fadama da muke ƙonawa. Da gwiwoyina suka ƙi lanƙwasuwa, wani jami'in kamfani ya zo ya leƙa, ya ce inshora ba ta yarda ma'aikatansu su taɓa buɗaɗɗiyar wuta ba. Ko in koma na'urar ɗumama ɗaki ta lantarki, ko a cire ni daga masu samun kulawa. Ɗana Cathal ya bugo daga Toronto ya ce in aka cire ni, sai gidan tsofaffi. Ni kuma na ce ba zan kashe wutar uwata don wani mai ɗaure da laktaye ba.

Kika sayo na'urar, kika ajiye ta a lungu don idon jami'i. Washegari na hango ki ta taga kin tuɓe shuɗiyar rigar kin rataye a shinge. Kika shigo kika ce, "Kamfani yana waje yana shan iska. 'Yar Gilhooly ce ta zo gaishe da Malam." Kika durƙusa a gaban murhu.

Haka kika yi safe da yamma, shekara da shekaru, ke da kike da gidaje barkatai a wuyanki. Kullum sai kin yi mitar makamashina jiƙaƙƙe ne, ni kuma in ce kina rufe wuta kamar 'yar birni. Ban taɓa cewa na gode ba, ke ma ba ki tsaya jira ba.

Ranar Talatar kin tone wutar da safe. Da yamma Oonagh, mai yi mini wanka, ta kawo labarin, tana kuka. Ban roƙe ta ta karya doka ba, tana da 'ya'ya da aikin da take tsoron rasawa. Na gwada da kaina daga kan kujera, hannuna bai kai ba.

Kamfani ya karɓe reshensa. Cathal ya samo mini ɗaki a gidan tsofaffi da ke Sligo, ƙarshen wata zan tafi.

Allah ya ji ƙanki, Attracta, ya yafe miki kurakuranki, ya ba ki hutun da ba ki taɓa ba kanki ba. Ina yi wa mijinki Fintan da 'ya'yanki ta'aziyya, da matan da suka yi aiki a ƙarƙashinki, da sauran tsofaffin da ke zaune suna sauraron ƙarar motarki. Allah ya ba mu haƙuri.

Da safiyar Laraba na tura sandata cikin tokar. Wutar ta mutu.