Yadda Inna Altine Ta Kai Ciniki Tsakiyar Ruwa

A bakin ruwan da Inna Altine ke sayen kifi, can gefen Yelwa, akwai wata ƙa'ida da ta girmi duk masu bin ta. Idan jirgin masunta ya doso gaɓa, macen da ta fara ɗora hannu a goshinsa ita ke da cinikin farko. Ba mai taya kifin sai ta taya, ba mai ɗaga ko karfasa ɗaya sai ta ce ta haƙura. Ba a rubuta ƙa'idar a ko'ina ba, amma an sha yage ɗankwali a kanta.

Da wannan ƙa'ida Altine ta yi suna. 'Yar Shanga ce, ɗiyar manoman shinkafa, aure ya kawo ta Yelwa gidan Malam Yakubu, wanda ya yi sana'ar su a ƙuruciyarsa kafin ciwon baya ya zaunar da shi. Uwar mijinta ce ta koya mata banda: yadda ake lanƙwasa tarwaɗa a soke ta da tsinke, itacen da ke ba kifi jan launi, da wanda ke sa shi ɗaci. Da tsohuwar ta rasu ta bar mata murhu uku na laka a bayan gida. Murhun banda kuwa kamar jariri yake, ba ya son sanyi. In ya daɗe bai ga wuta ba sai ya tsage, in ya tsage kuma sai labari.

Allah ya yi Altine doguwa, ita ma ba ta yi wa baiwar butulci ba. Sauran mata na tsaye ruwa iya gwiwa suna miƙa hannu, ita ta riga ta kai inda ruwa ke dukan ƙirjinta, zane ɗaure tamau, baki yana ta aiki. Abin da baƙo ba zai yarda ba shi ne, matar nan ba ta iya iyo ba, kuma tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa taka cikin jirgi ba. Ko biki aka yi a Wara, gara ta sha jijjigar mota ta isa ana wanke tukwane. In an zolaye ta sai ta ce ita da gulbi sun san iyakar juna.

Shekaru suka yi ta tafiya a haka. Fataken Anacha da na Sakkwato suna tambayar kifinta da suna. Da shi ta aurar da 'ya'yanta, da shi ta kai ɗiyarta Zulai'atu makaranta har ta zama malamar asibiti a Birnin Kebbi.

Sai ga Bilyaminu. Ɗan gari ne, da can ƙanƙara yake sayarwa da azumi. Ya yi 'yan shekaru a Abuja, ya dawo ya kama shago kusa da tasha, ya jera farantan sola a kan rufi, ya cika ɗakin da firiza. Ɗanyen kifi yake saye ya daskarar, mota ta kwasa zuwa otal-otal na birni. Matan banda suka sha dariya. Altine ta ce ita dai ba ta taɓa jin inda aka yi wa kifi makara ba sai a wurin yaron nan. Abin da ya fi ba su dariya, ba a taɓa ganin ƙafarsa ta jiƙe ba. Kullum yana kan benci da waya a hannu, kamar mai jiran haihuwa.

Wata safiya jirgin Illo ya doso. Illo basarke ne, masunci ɗan masunci, kuma tun yana bin babansa Altine ke sayen kifin gidansu. Ta kutsa ruwa kamar yadda ta saba, ta ture mata biyu, ta kafta hannu a goshin jirgin.

"Barka da ruwa, Illo. Buɗe mu gani."

Illo ya sosa ƙeya. "Inna, ki yi haƙuri. An sayar."

"An sayar ma wa? Aljanun ruwa?"

Ya zaro waya daga cikin leda da ya rataya a wuya, ya nuna mata hoton giwan ruwa, wadda ga ta nan kwance a gabanta tana motsa baki. "Tun muna can na tura ma Bilyaminu hoto. Ya taya, na sallama."

"Hannuna hwa?"

"Hannunki na nan, Inna, Allah shi ƙara mai tsawo. Kihin ne dai ba nawa ba yanzu."

Ta dawo gaɓa a jiƙe, hannu wayam. Washegari haka, jibi haka. Ba Illo kaɗai ba, duk jirgin da ta dafa sai a nuna mata hoto. Abin da ke saura sai ƙananan kurungu da ko mage sai ta yi shawara kafin ta ci. Kafin damina ta fita murhu ɗaya ya tsage daga sama har ƙasa. Na biyu ya fara zane. Altine takan hura 'yar wuta a cikin na ukun, ba kifi ba komai, don kawai kada ya huce. Maƙwabta suka fara tambaya ko hayaƙi take bandawa.

Da labari ya kai Birnin Kebbi, Zulai'atu ta aiko da waya, ta sa aka zuba lambobin masunta a ciki. "Inna, ke ma ki kira su tun suna ruwa. Ai ba shi kaɗai aka yi wa waya ba."

Altine ta kira Illo da hantsi.

"Salamu alaikum. Illo ne? An tashi lahiya? Ina gajiya? Ina iyali? Ƙahwar tsohuwa ta yi sauƙi? An samu man nan da na ce a shafa mata? Madalla. Yaron da ya yi ƙyanda hwa? Ina ruwa? Ina iska? Ina labarin ƙanenka na Ngaski, matar tasa ta sauka? Mi aka samu?"

Illo yana amsawa ɗaya bayan ɗaya, don shi ma ɗan mutunci ne. Da ta gama da mutane ta gangara kan akuyar da ta ɓata masa, sannan ta yi gyaran murya.

"To, akwai labarin kihi?"

"Wayyo Inna. Kina kan ƙahwar tsohuwa saƙon Bilyaminu ya shigo."

Zulai'atu ta ce mafita ɗaya ce, a yanke gaisuwar. Altine ta ce ita ba a haife ta a tasha ba. Amma da ta dubi murhu na biyu, sai ta daure. Washegari ta kira, ta rufe ido kamar mai shan maɗaci, ta ce, "Illo! Kihi!" Illo ya ɗauka rasuwa aka yi, ya fara salati. Ita kuwa kunya ta rufe ta har ta kashe wayar, ta sake kira don ta ba shi haƙuri, ta gaishe shi yadda ya kamata. Ranar ma Bilyaminu ya kwashe.

Bayan wannan sai ta daina shiga ruwa. Takan zauna a gaɓa kusa da Malam Yakubu, tana kallon abin da ya fi ƙarfinta. A nan ta lura da wani abu. Can nesa akwai wata busasshiyar giginya tsaye cikin ruwa, irin itatuwan da tafki ya cinye tun da aka datse gulbi, ya bar kawunansu. Duk jirgin da ya dawo daga su, da ya zo daidai giginyar sai ya tsaya, masuncin ya miƙe ya ɗaga hannu sama, ya jima a haka, sannan ya taho.

"Malam, ka ga ikon Allah," ta ce. "Masunta sun shiryu. Ko Illo da ba ya tsayawa addu'a bayan sallah, ga shi can ya ɗaga hannu."

Malam Yakubu ya yi dariya har bayansa ya amsa. "Wace addu'a, Innar Zulai? Sabis suke nema. Daga giginyar nan ya fara. In ka wuce ta, waya da dutse duk ɗaya."

Altine ba ta yi dariya ba. Ta dubi giginyar, ta dubi ruwan da ke bayanta, shimfiɗe har inda ido ya gaji. Sannan ta juyo wajen Malam.

"Tsohon jirgin nan naka, yana yoyo?"

"Kaɗan."

"A toshe."

"Wa za shi shiga?"

"Kai da ni."

"Ke? Ke da kika zagaya ta mota zuwa sunan jikanki?"

"Malam, ka toshe jirgi."

Ranar da suka fita, bayan sallar asuba, bakin ruwa ya cika kamar ana rabon taki. Altine ta aro rigar ruwa mai hana nutsewa har biyu, ta sa ɗaya a kan ɗaya, ta zama kamar buhun auduga. Mutum uku suka taimaka aka shigar da ita. Ta zauna a ƙasan jirgin, ta riƙe gefe da gefe, ta rufe ido, ta fara karanto duk abin da ta haddace tun daga makarantar allo. In jirgi ya karkata dama ta yafe wa Malam duk abin da ya taɓa yi mata. In ya daidaita ta janye.

"Mun wuce giginyar?"

"Tukuna."

"Yanzu hwa?"

"Innar Zulai, ko igiya ban kwance ba."

Da rana ta ɗan ɗaga suka wuce giginyar, Malam ya tsayar da jirgi a inuwar wani tsibiri. Ba su jima ba sai ga Illo yana tahowa, jirgi ya yi ƙasa don nauyi, yana 'yar waƙarsa. Malam ya tuƙa ya tare shi. Altine ba ta iya miƙewa ba, don haka ta kwanta rub da ciki, ta miƙa dogon hannun nan tana lalube a iska, har ya sauka a goshin jirgin Illo, tim.

Saura kaɗan Illo ya faɗa ruwa. "Innalillahi! Inna, mi ya kawo ki nan?"

"An sayar?"

Ya dubi wayarsa, ya ɗaga ta sama, ya girgiza ta. Ko ɗigon sabis babu.

"Ba a sayar ba."

"To, ina kwana. Ina iyali? Ƙahwar tsohuwa?"

Ta gaishe shi tsaf, ba ta tsallake ko akuya ba, ido a rufe. Kifin ma da hannu ta duba shi. Sai dai Illon yau ba na jiya ba ne. Ya san abin da ake biya a birni, kuma ya san giginya ba nisa. Duk tayin da ta yi sai ya ce albarka, ya waiwaya wajen giginyar. Dole ta hau inda ba ta taɓa hawa ba a ciniki, tana kiransa ɗan fashin tsakar ruwa, yana cewa Allah shi bar mana Inna. Da la'asar hayaƙi ya tashi a bayan gidan Malam Yakubu, mai ƙanshi, ba irin na kwanakin baya ba.

Bilyaminu ya kai ƙara wurin Sarkin Ruwa. Ya durƙusa ya ce, ranka shi daɗe, ƙa'idar hannu ta bakin gaɓa ce, ba a taɓa jin an tare jirgi a tsakiyar tafki ba. Sarkin Ruwa, tsoho mai son raha, ya tambayi dattawan da ke zaune ko akwai wanda ya ji kakanni sun faɗi zurfin ruwan da hannu ke aiki a cikinsa. Aka rasa. Ya ce to, wanda waya ta riga, na waya ne. Wanda hannu ya riga, na hannu ne. Bilyaminu ya karɓi hukunci ba musu. A hanyar fita har ya gaishe da Altine, ya tambaye ta ko za ta riƙa ba shi kwali biyu na banda, don masu otal sun fara tambaya. Ta ce za ta yi shawara da murhunta.

Ba a yi wata ba sauran matan banda suka bi sahu. Bayan giginya ya zama kasuwa. Jirage na kai da kawo, mata na rige-rigen dafa goshi, har wata mai ƙosai ta samu kwalekwale ta bi su. Altine ta sa aka gina sabon murhu a gurbin wanda ya tsage. Har yau ba ta buɗe ido a cikin jirgi ba, kuma kullum ta sauka sai ta rantse ba za ta koma ba.

Da rani ya shigo aka ga ma'aikata a kan tudun da ke kallon tafki suna haɗa wani dogon ƙarfe. Bilyaminu da kansa ya zo ya yi mata albishir, fuska cike da fara'a.

"Inna, sabon ƙarhen sabis ne. In an kunna shi, har tsallake waya za ta yi aiki. Kin huta da wahalar ruwa."

"Allah shi yi maka albarka, ɗan nan," ta ce. "Ka gaida mutanen gida."

Ranar da aka kunna ƙarfen, Illo ya fito da sassafe da komarsa a kafaɗa. Ya iske jirginsa a ɗaure inda ya bar shi, da mutum a ciki. Rigar ruwa biyu, ido a rufe, ƙullin tuwo a gefe, hannu ɗaya shimfiɗe a goshin jirgin.

"Inna, ai ko ruwa ban shiga ba. Kihin na cikin gulbi tukuna."

"Na sani," Altine ta ce. "Tuƙa a hankali. Ina jira."